Hanyar Warware Mas'alolin Kemistiri a Jarrabawar Ƙarshen Sakandare

Jarrabawar kemistiri da ɗalibanmu ke zaunawa a ƙarshen karatun sakandare, ko ta hukumar WAEC ce wadda aka kafa tun 1952, ko ta NECO wadda Nijeriya ta kafa wa kanta a 1999, ta yi ƙaurin suna wajen tsanani, har ya zamana wasu yara sukan sallama tun ba su taka ƙofar ɗakin jarrabawa ba. Alhali kuwa duk wanda ya natsu ya yi muɗala'ar tambayoyin shekaru da dama a jere, zai tarar da cewa mas'alolin da ake jujjuyawa 'yan kaɗan ne, lambobi da sunayen sinadarai kawai ake sauyawa, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu tana nan inda take. A tsarin WAEC takardu uku ne: ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓin amsa, ta biyu ta rubutu da lissafi ce, ta uku kuwa ta aikin hannu ce a ɗakin gwaje-gwaje. A ta biyu da ta uku ne ake bambance wanda ya fahimta da wanda ya haddace kurum, su ne kuma za mu fi tsayawa a kansu.

Ba na raina hadda, don akwai abin da ba makawa sai an zuba shi a ka, kamar alamomin sinadarai da cajin kowane ayon da launukan da ake gani a gwaji. Amma haddar da ba ta tafe da sanin sababi, da zarar mai tambaya ya ɗan karkatar da lafazinsa sai ta bar mai ita a tsaye, ya ga kamar ba a taɓa karantar da shi babin ba. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne, kusan dukkan mas'alolin lissafi na wannan fanni hanya guda suke bi, kuma mai duba takarda yana ba da maki ne a kan kowane mataki na hanyar, ba a kan lambar ƙarshe kaɗai ba.

Tun da yake da Turanci ake yin tambayoyin, wajibi ne na farko ka tabbata ka gane abin da aka nema kafin alƙalaminka ya taɓa takarda. Idan aka ce ka ambaci abu, ambatonsa ya wadatar, dogon sharhi ɓata lokaci ne. Idan aka ce ka bayyana dalili, to ambato kaɗai ba ya isa, sai ka kawo illar da ta sa abin ya kasance haka. Idan kuwa aka ce ka kawo misali biyu, ka tsaya a biyun, don na ukun da ka ƙara cikin shakka ba zai ƙara maka komai ba, yana ma iya tona raunin na farko. Sa'an nan ka duba lambobin da ake jerawa a gindin tambaya, domin mai tambaya ba ya ba da lamba a banza: in ka ga 22.4, akwai gas da za a auna. In ka ga 96,500, wutar lantarki ce ke raba sinadari. In an ba ka nauyin zarra na wasu sinadarai uku, to ukun nan duka suna da aiki a cikin amsarka. Ka fitar da abin da aka ba ka gefe guda, kowace lamba tare da ma'auninta, ka rubuta abin da ake nema a ƙarƙashinsu. Wannan ɗan aiki ba ya cin minti guda, amma sau da yawa shi ke nuna maka inda za ka sa ƙafa.

Asalin da lissafin kemistiri ya ginu a kansa shi ne abin da Lavoisier, masanin nan na Faransa, ya tabbatar da sikeli ya kuma rubuta a littafinsa na 1789, cewa idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa, nauyin abin da aka fara da shi daidai yake da nauyin abin da aka ƙare da shi, ba a rasa komai ba, ba a kuma ƙaru da komai ba. Saboda haka ne ya zama sharaɗi a daidaita ikweshan kafin a yi lissafi da ita, ta yadda adadin zarrar kowane sinadari a hagu zai yi daidai da na dama; wanda kuwa ya gina lissafi a kan ikweshan da ba a daidaita ba, duk iya ƙwarewarsa a ninkawa da rabawa natijarsa ɓatacciya ce. A wajen daidaitawa lambobin da ke gaban sinadari kaɗai ake taɓawa. Ƙananan lambobin da ke cikin jikinsa ba a taɓa su, domin wanda ya mai da H₂O ya zama H₂O₂ don neman daidaito ya fita daga ruwa ya shiga wani sinadari dabam.

To, sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa, zarra da zarra, mu kuwa da nauyi muke aunawa, kuma abin da ke haɗa ƙidaya da nauyi shi ne mol. Fataken goro sun san ƙwarya, wato goro ɗari, ko manya ne ko ƙanana, ko da yake ƙwaryar manya ta fi ta ƙanana nauyi nesa ba kusa ba. Haka mol yake, adadi ne tsayayye, 6.02 × 10²³, wanda aka sa wa sunan Avogadro na Italiya, amma nauyinsa yana sauyawa gwargwadon abin da aka ƙidaya: mol guda na kabon giram 12 ne, na ruwa giram 18, na CaCO₃ giram 100. Ƙofofin shiga mol uku ne. Idan nauyi aka ba ka, ka raba shi da nauyin mol guda. Idan yawan gas aka ba ka a daidaitaccen zafi da matsi, ka raba shi da 22.4 dm³, idan narkakken ruwa ne, ka ninka ƙarfinsa da yawansa, bayan ka mai da cm³ zuwa dm³ ta hanyar rabawa da 1,000. Da ka shiga mol, sai ka duba ikweshan ka ga mol nawa na wannan ke ba da mol nawa na wancan, sa'an nan ka fita ta ƙofar da aka nema. Wannan ita ce hanyar da na ambata, kuma mas'alolin da za su biyo baya duka a kanta suke tafiya.

Bari mu gwada da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake ƙonawa a masana'antun siminti na Ashaka a Jihar Gombe da Kalambaina a Sakkwato. An ce an ƙona giram 25 na CaCO₃ har ya gama rabuwa, ana neman yawan gas da ya fita a daidaitaccen zafi da matsi.

CaCO₃ → CaO + CO₂

Giram 25 a raba da 100 ya ba da mol 0.25. Ikweshan ta nuna mol guda na dutse yana ba da mol guda na gas, saboda haka CO₂ ma mol 0.25 ne, wanda in aka ninka da 22.4 zai ba da 5.6 dm³. Mai son ya tabbatar wa kansa sai ya duba nauyi: CaO ya kama 0.25 × 56, giram 14 ke nan, CO₂ kuwa 0.25 × 44, giram 11, jimla 25, daidai da abin da aka zuba. Mai tambaya yakan tsananta mas'alar da cewa dutsen ba tsantsa ba ne, kashi 80 cikin ɗari ne kawai CaCO₃. A nan sai ka fara tace giram 25 ya koma 20, mol ya zama 0.2, gas ya zama 4.48 dm³, sauran hanyar kuwa ba abin da ya sauya.

Wani tarkon da ya fi wannan kama yara shi ne inda aka ba da adadin sinadarai biyu a lokaci guda. An jefa giram 6.5 na zink a cikin 100 cm³ na HCl mai ƙarfin 1.0 mol/dm³, nauyin zarrar zink kuma 65.

Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂

Zink mol 0.1 ne, asid ma mol 0.1 ne, sai mai gaggawa ya ɗauka sun yi kunnen doki. Amma ikweshan ta ce kowane mol na zink yana bukatar mol biyu na asid, wato 0.2, abin da ke akwai kuwa rabin haka ne. Ashe asid ne zai riga ƙarewa, shi ne kuma ke yanke hukuncin yawan haidirojin, wanda zai zama mol 0.05, ko 1.12 dm³, ragowar zink ya zauna a gindin kwalba. Ƙa'idar ita ce, duk inda aka ba ka adadi biyu, ka binciki wanda zai fara ƙarewa ka yi lissafi da shi.

Yanzu sai taitireshan, wanda kusan ba a rasa shi a takarda ta uku, kuma a ganina babu inda ake zubar da makin da ya riga ya zo hannu kamarsa. Kafin a zuba komai, a ɗauraye biyuret da ɗan asid ɗin da za a cika ta da shi, a ɗauraye fifet da ɗan alkalin da za ta ɗauka, amma tulun gwaji mai ƙunƙuntaccen wuya da tataccen ruwa kaɗai ake ɗauraye shi. Dalili kuwa shi ne, ragowar ruwa a biyuret ko fifet yana tsarma abin da ake aunawa, alhali ruwan da ke cikin tulun ba ya rage adadin mol ɗin da aka riga aka auna aka zuba. A cire mazurari daga bakin biyuret kafin a karanta, a tabbata babu kumfar iska a bakinta na ƙasa, a sa ido daidai da gindin lanƙwasar ruwan. Ɗigo biyu ko uku na manuni sun isa. Ana rubuta kowane karatu da lamba biyu bayan ɗigo, kai tsaye a cikin jadawali da tawada, kuma a wajen fitar da matsakaici ana ɗaukar awon da suka yi kusa da juna ne, waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 cm³ ba. Kada ɗalibi ya kuskura ya kwafi lambar maƙwabcinsa ko ya ƙirƙiri tasa. Ban da kasancewarsa ha'inci, ana gwada awon kowa da wanda malamin makarantar ya samu da ruwan nan guda.

A ƙaddara an narka giram 5.3 na Na₂CO₃ a cikin 1 dm³, an ɗebi 25.0 cm³, an ɗiga masa HCl da manunin metil oranj har ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, awon kuma ya kama 25.10 a gwajin farko na lalube, sa'an nan 24.50 da 24.40 da 24.60. Na farko ya yi nisa, a bar shi. Matsakaicin sauran ukun 24.50 cm³ ne.

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Nauyin mol na Na₂CO₃ 106 ne, saboda haka ƙarfin ruwan 0.050 mol/dm³ ne, kuma a cikin 25.0 cm³ akwai mol 0.00125. Asid ninki biyu ake bukata, mol 0.0025, wanda ke cikin 0.0245 dm³, in aka raba sai a sami 0.102 mol/dm³, in kuma aka nemi ƙarfin da giram, a ninka da 36.5 a sami 3.72 g/dm³. Wanda ya manta da lamba 2 da ke gaban HCl zai fito da 0.051, rabin gaskiya, ga shi kuwa hannunsa bai yi kuskuren ɗigo ko guda ba. Zaɓen manuni ma yana da hujja wadda akan tambaya: metil oranj ya dace da asid mai ƙarfi da alkali mai rauni, finolftalin ya dace da asid mai rauni da alkali mai ƙarfi, in duka biyun masu ƙarfi ne kowanne ya yi.

Mas'alolin gas ba su da wuya in an kiyaye abu guda, wato mai da zafi zuwa ma'aunin Kelbin ta hanyar ƙara 273. Gas mai yawan 300 cm³ a digiri 27, in aka ɗumama shi zuwa digiri 54 ba tare da sauya matsi ba, yaro yakan ce ya ninka ya zama 600, saboda 54 ninkin 27 ne. Haƙiƙa kuwa daga 300 K aka tashi zuwa 327 K, gas ɗin ya zama 327 cm³ kawai. Haka nan pH: HCl mai ƙarfin 0.01 yana da pH 2, H₂SO₄ mai ƙarfin 0.005 shi ma 2 ne don yana sakin H⁺ biyu, NaOH mai ƙarfin 0.01 kuwa 12 ne, wato 14 a debe 2.

Wajen fitar da fomula daga kashi cikin ɗari, ka ɗauki kowane kashi tamkar giram ne, ka raba da nauyin zarra, sa'an nan ka raba duka da mafi ƙanƙanta. Sinadari mai kabon 40.0 da haidirojin 6.7 da oksijin 53.3 zai ba da 3.33 da 6.7 da 3.33, wato 1 da 2 da 1, CH₂O mai nauyin 30. In aka ce nauyin mol ɗinsa 60 ne, ya zama C₂H₄O₂, in kuwa 180 ne, ya zama C₆H₁₂O₆ irin na gulukos. Abin lura shi ne kada a yi wa rabi kwaskwarima. Baƙin ƙarfe 70 da oksijin 30 suna ba da 1.25 da 1.875, wato 1 da 1.5, kuma 1.5 ba a mai da ita 2, ninka duka ake yi da biyu a sami Fe₂O₃.

Lissafin raba sinadari da lantarki, wanda Faraday na Ingila ya shimfiɗa dokokinsa a wajajen 1833, shi ma mol ne a wata riga, domin kulom 96,500 cajin mol guda ne na elektaron. An ratsa wuta mai ƙarfin amfiya 5.0 ta cikin ruwan CuSO₄ na tsawon minti 32 da daƙiƙa 10. A fara mai da lokaci daƙiƙoƙi, 1,930, a ninka da 5.0 a sami kulom 9,650, wato mol 0.1 na elektaron. Ayon na jan ƙarfe caji biyu gare shi, kowane guda yana bukatar elektaron biyu kafin ya kwanta a jikin katod, saboda haka mol 0.05 ne ya kwanta, giram 3.2 in an ba da nauyin zarra 64. Wannan wutar da kanta za ta kwantar da giram 10.8 na azurfa, mai caji ɗaya da nauyin 108, amma giram 0.9 kacal na alminiyam, mai caji uku da nauyin 27. Wanda ya fahimci dalilin wannan bambanci ba ya bukatar haddace wata fomula ta musamman a babin nan.

Babin musayar elektaron, inda wani sinadari ke asara wani ke samu, yana ba yara tsoro fiye da yadda ya cancanta, ga shi kuwa marina na karofin Ƙofar Mata a Kano suna aiki da shi kullum: a cikin rijiyar rini, inda baba ya jiƙa da toka ya ruɓa, shuni yana samun elektaron ya zama mai narkewa ya shiga zare, shi ya sa ƙyalle ke fitowa da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi oksijin ya karɓe elektaron ɗin, ya koma shuɗi wanda ba ya narkewa. A jarrabawa abin da ake bukata shi ne iya fitar da lambar oksideshan, bisa sanin cewa oksijin galibi −2 ne, haidirojin +1, kuma jimlar duka dole ta yi daidai da cajin abin da ake dubawa. Da haka za ka sami manganis +7 a KMnO₄, kuromiyam +6 a K₂Cr₂O₇. Wajen daidaita irin wannan ikweshan a raba ta gida biyu, a daidaita zarra a kowane gida, a cike oksijin da H₂O, a cike haidirojin da H⁺, a daidaita caji da elektaron, sa'an nan a ninka gidajen har elektaron da aka bayar su yi daidai da waɗanda aka karɓa.

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Kafin ka wuce ka ƙidaya caji: hagu +17, dama +17. In suka saɓa, akwai ɓaraka ko da zarra sun daidaita. Ka kuma kiyaye cewa wanda ya karɓi elektaron, kamar MnO₄⁻ a nan, shi ne mai sa oksideshan ga waninsa, shi kansa kuwa ridokshan ne ya same shi. A kan wannan juyin ne ƙafar da yawa ke zamewa.

Tambayoyin daidaito na haɗuwa mai kai da komowa ba lissafi suka fi nema ba, hujja suke nema, kuma hujjar ita ce ƙa'idar da Le Chatelier ya bayyana a 1884, cewa tsarin da ke zaune a kan daidaito, in aka takura shi da sauyin zafi ko matsi ko ƙarfi, zai karkata zuwa ɓangaren da zai sassauta takurar. Misalin da aka fi kawowa shi ne haɗa amoniya ta hanyar Haber na Jamus, wadda daga gare ta ake samun takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara da shinkafa.

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, ΔH = −92 kJ

A hagu akwai mol huɗu na gas, a dama biyu, don haka ƙarin matsi yana tura daidaito dama, amoniya ta ƙaru. Tafiya dama tana fitar da zafi, don haka ƙarin zafi yana komar da shi hagu. Sai mai tambaya ya ce, in haka ne, don me masana'antu ke aiki a wajen digiri 450? Amsa ita ce, a ƙaramin zafi rabon amoniya yana da yawa amma haɗuwar tana jan jiki ƙwarai, shi ya sa aka zaɓi tsaka-tsaki, aka haɗa da matsi mai yawa da katalis na baƙin ƙarfe. Katalis kuwa, ka rubuta wannan a inda ba za ka manta ba, yana gaggauta kaiwa ga daidaito ne ta ɓangarorin biyu baki ɗaya, ba ya ƙara yawan amoniyar da za a samu a ƙarshe. Amsar da ta ce daidaito ya koma dama ta yi shiru, ba ta faɗi don me ba, rabin maki take samu in ta samu.

Na komo ga takarda ta uku saboda gwajin gano sinadari, wanda ake rubutawa a jadawali mai gida uku: abin da ka yi, abin da ka gani, da abin da ka fahimta daga gani. Ladabin wannan jadawali shi ne kada a cakuɗa gani da istinbaɗi. A gidan gani ka rubuta cewa gas marar launi ya fita ya mai da ruwan farar ƙasa fari kamar madara. A gidan fahimta ne za ka ce CO₂ ne, daga kabonet. Ka bambance ruwa marar launi da ruwa garau, domin ruwan CuSO₄ garau yake amma shuɗi ne. In aka ce ka ɗiga NaOH kaɗan-kaɗan sa'an nan ka zuba da yawa, to gani biyu ake jira daga gare ka, na ɗigo da na yalwa, kuma wanda ya kwarara shi gaba ɗaya ya tsallake na farko. Guggubi shuɗi, wato ƙullin da ke fitowa ba ya narkewa, yana nuna Cu²⁺. Kore mai dauɗa-dauɗa Fe²⁺. Ja mai ruwan ƙasa Fe³⁺. Farin guggubi ne ke bukatar haƙuri: in bai narke a yalwar NaOH ba, Ca²⁺ ake zato, in ya narke, zato ya rataya a kan Zn²⁺ da Pb²⁺ da Al³⁺, kuma a wannan mataki ukun za ka rubuta, don hujjar da ke hannunka ba ta kai ga ware guda ba. Ruwan amoniya ne zai raba gardama, domin guggubin zink yana narkewa a yalwarsa, na dalma da na alminiyam ba sa narkewa, na jan ƙarfe kuwa yana narkewa ya ba da shuɗi mai duhu. Ga ayon masu caji na debewa, farin guggubin da BaCl₂ ya kawo, in ya ƙi narkewa a tsarmammen HCl, SO₄²⁻ ne, in ya narke sai a koma ga SO₃²⁻ ko CO₃²⁻. Farin da AgNO₃ ya kawo bayan an sa HNO₃, wanda ke narkewa a ruwan amoniya, Cl⁻ ne. Gas mai kaifin wari da ya mai da jiƙaƙƙiyar takardar litmos ja ta koma shuɗiya, bayan an ɗumama abu da NaOH, amoniya ce daga NH₄⁺. Ba a kai hanci bakin kwalba, da hannu ake kaɗo warin, ba a kuma ɗanɗana komai.

Babin sinadaran kabon yana da faɗi, amma mabuɗinsa ƙarami ne: ka san rukunin da ke aiki a jikin kowane dangi, domin shi ke hukunta halinsa. Mai igiya biyu tsakanin kabon da kabon yana kashe launin ruwan buromin, mai igiya ɗaya ba ya yi. Alkohol da asid na kaboksil suna haɗuwa su ba da esta mai ƙanshi da ruwa. Mai ko kitse in aka dafa shi da alkali yana ba da sabulu da gilisarol, aikin da masu sabulun salo ke yi da ruwan toka. Wajen zana tsari ka ƙidaya igiyoyin kowane kabon su cika huɗu, wajen raɗa suna ka nemi sarƙa mafi tsawo ko da ta lanƙwasa, kuma kada ka ɗauki tsari guda da aka karkata a takarda a matsayin isoma biyu: C₄H₁₀ biyu gare shi, C₅H₁₂ uku.

A ranar jarrabawa ka karanta takarda ta biyu duka kafin ka zaɓi tambayoyinka, ka duba ƙananan rassan kowace tambaya, kada reshen farko mai sauƙi ya ja ka cikin wadda sauranta ba ka sani ba. Ka raba lokaci gwargwadon makin da aka rubuta a gefe. In reshen farko ya gagare ka alhali na biyu yana bukatar amsarsa, ka rubuta ikweshan da fomula da duk matakin da ka sani, don kowannensu yana da nasa rabo. Kada ka gutsure lambobi a tsakiyar lissafi, ka bari sai ƙarshe ka tsayar da amsa a lambobi uku masu ma'ana, sai fa in an nemi wani abu dabam. Mintocin ƙarshe kuwa ka ba da su ga bita: kowace amsa tana da ma'auninta, kowane ayon yana da cajinsa, kowace ikweshan ta daidaita, kuma lambar kowace tambaya tana rubuce a gefen amsarta.